Awon Hemogulobin a Jinin Shanu: Kundin Yadda Aikin Ke Tafiya

6 ga Janairu

Tambayar da aka ɗora mana gajera ce: in an ɗebi jinin saniya a inda babu babban ɗakin gwaji, da wace hanya za a san yawan hemogulobin ɗinta har a yarda da lambar? Hanyoyi huɗu muka jera. Ta farko ita ce ta Drabkin, ita ce uwa, da ita za a riƙa gwada gaskiyar sauran. Ta biyu ta Sahli ce, tsohuwar hanyar nan ta asid da gilashi mai ruwan ƙasa. Ta uku 'yar na'urar hannu ce mai batir, wadda asali don jinin mutane aka ƙera ta. Ta huɗu kuwa PCV, wato kason da jajayen ƙwayoyi suka cinye a cikin jini bayan an wulwula shi a inji, wanda ma'aikata da yawa ke rabawa uku su ce ga hemogulobin nan.

Hemogulobin shi ne furotin ɗin da ya cika jajayen ƙwayoyin jini, shi ke ɗauko iskar oksijin daga huhu ya kai sassan jiki. Kowane ɗaya yana riƙe da ƙwayar sinadarin ƙarfe huɗu, kuma giram ɗaya nasa yana ɗaukar oksijin kimanin mililita 1.34. Littattafan likitancin dabbobi sun ajiye lafiyayyar babbar saniya tsakanin giram 8 zuwa 15 a kowace desilita (mililita ɗari) ta jini, PCV ɗinta kuma tsakanin kashi 24 zuwa 46 cikin ɗari. Saniya mai giram 9 ba abin da ke damunta, alhali namiji baligi in ya gaza 13 an riga an ce yana da ƙarancin jini. Wannan bambancin ne ya sa ba za mu karɓi shaidar da aka yi wa wata na'ura a asibitin mutane ido rufe ba. Inda hankalinmu yake shi ne can ƙasa, tsakanin giram 4 da 8, wurin da ake yanke shawara ko dabba za ta tashi ko ba za ta tashi ba.

Ƙa'ida ɗaya muka yi wa kanmu: kowane jini daga kwalba ɗaya za a auna shi ta duk hanyoyin, a rana ɗaya, kuma wanda ke karanta Sahli ba zai ga lambobin sauran ba sai ya rubuta tasa.

13 ga Janairu

Mun haɗa ruwan Drabkin. Sunan ya samo asali ne daga David Drabkin, wanda ya yi aikin tare da Harold Austin a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka a shekarun 1930, amma haɗin da muke bi shi ne wanda van Kampen da Zijlstra suka gyara a Holan a 1961. A lita ɗaya ta tataccen ruwa ana zuba miligiram 200 na fotashiyam ferisayanaid, miligiram 50 na fotashiyam sayanaid, miligiram 140 na gishirin fosfet, da ɗan sinadarin wanki mai taimakawa ƙwayoyin su fashe da sauri. Da haɗin farko sai an jira minti goma ko fiye kafin launi ya kammala. Da wannan, minti biyar sun isa.

Dabarar tana burge ni har yanzu. Jini ba launi ɗaya gare shi ba: wanda ke ɗauke da oksijin ja ne wur, wanda ya sauke ya yi duhu, wanda ƙarfensa ya lalace ruwan ƙasa ne. To maimakon a yi ta fama da launuka uku, sai ferisayanaid ya mayar da ƙarfen duka zuwa hali ɗaya, sayanaid kuma ya kama shi ya daidaita shi a launi guda wanda ba ya saurin canzawa. Daga nan sai na'urar auna haske ta karanta shi a nanomita 540, wato ma'aunin irin hasken da ake haska shi da shi. Shi ya sa kwamitin duniya mai daidaita gwaje-gwajen jini ya ɗauke ta a matsayin ma'auni tun shekarun 1960.

Ana zuba maikurolita 20 na jini a mililita 5 na ruwan, wato an sirka shi sau 251. In kubet ɗin, wato ɗan mazubin da ake sa haɗin a ciki na'ura ta karanta, faɗin santimita ɗaya ne, lambar da na'ura ta nuna sai a ninka ta da 36.77, a sami giram a desilita. Misali in ta nuna 0.30, hemogulobin ya kama giram 11. An fitar da lambar ninkin ne da nauyin hemogulobin na mutum, 64,458, amma na saniya yana dab da shi, kuma abin da haske ke gani shi ne ɓangaren mai ƙarfe, wanda iri ɗaya ne a mutum da dabba. Duk da haka ba mu dogara da lissafi kaɗai ba, mun ja layin gwaji da ruwan ma'auni na kamfani, wanda aka riga aka san yawan hemogulobin ɗinsa.

Ruwan ba ya son haske, don haka a kwalba mai duhu yake zaune, kuma ba a yarda ya daskare. Kullum da safe ana duba shi: ya zama ruwan ɗorawa garau, ba gurɓata, kuma ya karanta sifili in an gwada shi da ruwa.

Abin da na fi nanata wa ɗalibai shi ne maganar shara. Hanyar Sahli da asid take aiki, ta Drabkin da sayanaid, kuma in suka haɗu a kwalba ɗaya iskar guba ce ke tashi. Teburi daban, kwalbar shara daban, kowacce da rubutu baro-baro. Ba mai zuƙar fifet, wato siririn bututun auna jini ko ruwa, da baki.

21 ga Janairu

An fara ɗibar jini. Daga jijiyar wuya muke ɗiba, ko ta ƙarƙashin wutsiya in dabbar ta fi natsuwa da hakan, a kwalba mai murfi shunayya wadda ke ɗauke da EDTA mai hana daskarewa.

Tun kafin jini ya ga wata na'ura akwai abubuwan da ke iya ɓata lamba. In aka zuba jini kaɗan a kwalbar da aka yi don mai yawa, maganin ya fi ƙarfin jinin, sai ƙwayoyin su tsuke. PCV ya sauka, hemogulobin yana nan inda yake. In aka yi jinkirin juya kwalba bayan ɗiba, ɗan gudan jini ya fito, ya tafi da ƙwayoyi masu yawa, komai ya karanta ƙasa. Mun yanke cewa duk kwalbar da aka ga ko ɗigon guda a ciki, a jefar. Dabbar da aka kora aka yi kokawa da ita kafin a kama, saifarta kan matse ta watso ƙarin ƙwayoyi cikin jini, wadda ta daɗe ba ta sha ruwa ba kuma jininta kan yi kauri. Duka biyun suna ɗaga lamba. Saboda haka a takardar kowace dabba mun ƙara gurbin rubuta yadda aka kama ta da lokacin da ta sha ruwa.

Wani abu da ya bambanta jinin saniya da na doki: na doki in ka ajiye shi a tsaye, kafin ka juya ƙwayoyin sun kwanta. Na saniya sai ya daɗe bai nuna alamar rabuwa ba. Wannan na sa mutum ya yi sake ya ɗauka a gauraye yake. Ko ya nuna ko bai nuna ba, ana kifa kwalba a hankali ana miƙewa sau da yawa kafin kowane awo, ba girgizawa.

2 ga Fabrairu

Makon Sahli. Hermann Sahli likita ne a birnin Bern na Suwizalan, kuma a 1902 ya fito da wannan kayan awo. Shekara fiye da ɗari ke nan, amma har yau ana samun sa a ɗakunan koyarwa, don ba ya buƙatar wuta ko batir.

Ana zuba asid mai rauni a bututu mai zane har zuwa layin ƙasa, a sa maikurolita 20 na jini, a gauraya. Nan take jan ya koma ruwan ƙasa. A jira minti goma, sannan a riƙa ɗiga tataccen ruwa ana motsawa da tsinken gilashi, ana ɗaga akwatin sama ana kwatanta launin da na gilasai biyu da ke gefe, har sai sun saje. Inda ruwan ya tsaya a jikin zanen, nan ne lambar.

Na zauna na kalli mutane daban-daban suna karanta jini ɗaya. Wani ya tsaya da wuri, yana tsoron kada ya zarce, don in ruwa ya yi yawa ba a iya janye shi. Wata ta ci gaba da ɗigawa tana cewa har yanzu da sauran duhu. Na kusa da taga da na ƙarƙashin fitila ba su ga abu ɗaya ba. Ko mutum ɗaya ne, abin da ya karanta da safe da na yamma bayan idonsa ya gaji sukan bambanta. Ga shi launin ba ya tsayawa a minti goma, yana ci gaba da yin duhu a hankali, don haka mai gaggawa ya samu ƙasa, mai jinkiri ya samu sama. Gilasan kwatancen ma suna kodewa in sun tsufa.

Sai maganar fifet, wadda ta shafi Drabkin ita ma. Maikurolita ɗaya kacal da ya maƙale a bayan bakin fifet kashi biyar ne cikin ɗari na abin da ake aunawa. A jini mai giram 10, rabin giram ke nan daga rashin goge baki kawai.

Ra'ayina a yanzu: Sahli na iya raba saniyar da jininta ya ƙare da mai cikakken jini. Amma a ce da ita za a bi dabba mako-mako a ga ko magani na aiki, ban yarda ba. Canjin da ake nema ya fi kuskuren ido ƙanƙanta.

11 ga Fabrairu

An kawo shawarar ƙara wasu hanyoyin, mun duba mun ajiye. Katin FAMACHA, mai launi biyar da ake kwatantawa da fatar ido ta ciki, an ƙirƙiro shi ne a Afirka ta Kudu don tumaki da awaki masu fama da tsutsar ciki mai shan jini, kuma ba lambar hemogulobin yake bayarwa ba. Katin launi na Hukumar Lafiya ta Duniya yana tafiya ne daga giram 4 zuwa 14 da tsallen bibbiyu, tsallen ya yi mana faɗi. Hanyar ɗiga jini a ruwan kwafa salfet, wadda wuraren ba da gudummawar jini suka daɗe suna amfani da ita, an saita ta ne a kan giram 12.5 na mutum. Da wannan ma'aunin, shanu da yawa masu ƙoshin lafiya za su faɗi.

24 ga Fabrairu

Na'urorin hannu ba iri ɗaya ba ne, kuma ya kamata mai saye ya tambaya. Akwai masu ɗan kubet mai busasshen magani a ciki: maganin ya fasa ƙwayoyin, naitirait ya sauya ƙarfen, azaid ya kama shi, sai na'ura ta karanta a nanomita 570, ta sake karantawa a 880 don ta cire abin da gurɓata ta ƙara. Akwai marasa magani, masu karanta jinin yadda yake a 506 da 880. Akwai kuma waɗanda ba sa auna hemogulobin ko kaɗan: suna auna yadda lantarki ke ratsa jini, su ƙiyasta PCV, su ninka da 0.34, su nuna maka lamba da sunan hemogulobin. Wannan na ƙarshe rabon uku ne ya sa riga.

Tamu irin ta farko ce. Tun farko na ɗan yi shakkar ƙanƙantar ƙwayoyin saniya, don girmansu yana tsakanin femtolita 40 zuwa 60, na mutum kuwa 80 zuwa 100, kuma injin ƙirga ƙwayoyi da aka saita don mutane yakan rikita ƙananan jajayen ƙwayoyin dabba da ƙwayoyin daskarar da jini. Amma a nan ba ƙirgawa ake yi ba, fasawa ake yi a karanta launi, don haka girma bai shigo ciki ba. A lafiyayyun shanun da muka auna zuwa yanzu, tana bin Drabkin kusa da kusa.

Kulawarta na wajen kubet. Maganin da ke ciki yana shan laima, dole a rufe gwangwani da zarar an zaro ɗaya. Ana cika shi a zuƙa ɗaya, ba a ƙarawa daga baya. In aka hango ƙwayar iska a tsakiyar idon kubet, a jefar a ɗauki wani.

9 ga Maris

Na hana a kawo mini zanen nan mai ɗigo-ɗigo a kan miƙaƙƙen layi, wanda ake ɗora lambobin wata hanya a kan na wata, a ce hanyoyi sun dace. Na'urar da ke ƙara giram biyu a kan kowane jini za ta ba da layi miƙaƙƙe sumul, alhali ƙarya take yi kowane lokaci. Tsarin da Martin Bland da Douglas Altman suka bayyana a mujallar Lancet a 1986 muke bi: a kowane jini a cire lambar wannan hanya daga ta waccan, a zana bambancin a kan matsakaicinsu. Nan ake ganin ko wata hanya na karkata gefe ɗaya, da ko karkatar na ƙaruwa in jini ya yi ƙasa.

Shi kuwa PCV, aikinsa da sauƙi. A cika siririn bututun gilashi, a toshe gindinsa da yumɓu, a wulwula minti biyar, a ɗora a kan katin karatu. Dalilin da ya sa rabon uku ke aiki shi ne, a lafiyayyar saniya kowace desilita ta zallar jajayen ƙwayoyi tana ɗauke da hemogulobin giram 30 zuwa 36, wato kusan kashi ɗaya cikin uku. PCV 30 ya ba da giram 10. A shanunmu masu lafiya lissafin yana fita daidai gwargwado, har wani ɗalibi ya tambaya me ya sa muke wahalar da kanmu da sayanaid. Na ce masa ya dakata sai marasa lafiya sun zo.

18 ga Maris

Yau aka kawo jinin wata saniya mai zazzaɓi, jikinta da kaska, fitsarinta ja mai duhu. Da aka fitar da bututun daga inji, malamin ɗakin gwaji, wanda ya fi mu duka daɗewa a aikin nan, ya ɗaga shi wajen taga ya ce, "Likita, zo ka ga saman nan kafin a rubuta komai."

Ruwan jinin saniya, wanda ke tashi sama bayan an wulwula, yakan zama garau ko ɗorawa-ɗorawa, gwargwadon ɗanyen ganyen da take ci. Wannan kuwa ja ne, har layin da ke raba shi da ƙwayoyin ya yi wuyar gani. Jajayen ƙwayoyin can ƙasa 'yan kaɗan. Da aka shafa jinin a gilashi aka rina da rinin gwaji na Giemsa, sai ga ƙwayoyin cutar Babesia bibbiyu a cikin jajayen ƙwayoyi, kawunansu a haɗe. Cutar nan tana da tarihi: Victor Babeş ne ya fara ganin ta a shanun Romaniya a 1888, kuma a kanta ne Theobald Smith da Kilborne suka nuna a Amurka a 1893 cewa kaska na ɗaukar cuta daga dabba zuwa dabba.

A nan hanyoyinmu suka rabu. Drabkin da na'urar hannu sun yarda da juna, amma dukansu sun ba da lambar da ta zarce rabon uku nesa. Dalilin a fili yake. Cutar na fasa ƙwayoyin a cikin jijiya, hemogulobin ya zube cikin ruwan jini. PCV buhuna yake ƙirgawa, Drabkin kuwa hatsi take aunawa, ba ruwanta da ko yana cikin buhu ko ya zube ƙasa. Wanda ya zube ɗin ba ya yi wa dabba aikin kai oksijin yadda ya kamata, ƙoda ce ma yake ɓatawa a hanyarsa ta fita. Ke nan hanyar da muka kira uwa ba ta yi kuskuren awo ba, amma lambar da ta bayar ta fi halin da saniyar ke ciki kyau. Likitan da ya dogara da ita kaɗai zai iya jinkirta ƙarin jini.

Akwai lissafin da ke tona wannan asiri: a raba hemogulobin da PCV, a ninka da ɗari. A ɗauka PCV 15 ne, hemogulobin giram 6.5, sai a samu 43. Jar ƙwaya ba ta iya cusa wa kanta hemogulobin har haka, don haka duk lambar da ta haye 36 sosai alama ce ta cewa wani abu ya shiga awon. Gyaran shi ne a auna ruwan jinin shi kaɗai da Drabkin, a ninka da kason da ruwan ya ci a cikin jini, a cire daga jimilla.

Ɗibar jini da garaje ma na iya ba da wannan jan ruwan: allura siririya, tura jini cikin kwalba da ƙarfi ta bakin allura, jiƙaƙƙen sirinji, ko barin kwalba cikin zafi. Abin da ya raba su shi ne fitsarin dabbar, da kuma sake ɗiba a natse.

Daga yau takardar sakamako ta samu gurbi biyu sababbi: launin ruwan jini, da wannan lissafin.

27 ga Maris

Wani bijimi mai ƙarancin jini, amma nasa daban. Dasashinsa da fatar idonsa sun yi ɗorawa, ruwan jininsa ɗorawa shar, fitsari ba ja. Cutar Anaplasma ce, wadda ke sa saifa ta riƙa tsince ƙwayoyin da suka kamu tana cinyewa, ba a cikin jijiya suke fashewa ba. A nasa jinin hanyoyin ba su yi nisa da juna ba.

Za mu ci gaba da bin sa, don lokacin murmurewa na da nasa rikicin. Lafiyayyar saniya ba a ganin ɗanyun jajayen ƙwayoyi a jininta. In ɓargo ya tashi cike giɓi sai ya sako su, manya-manya ne amma hemogulobin ɗinsu bai kai na nunannu kauri ba. A lokacin rabon uku zai fara zarce gaskiya, akasin abin da ya faru da saniyar 18 ga wata.

6 ga Afrilu

Gwaji biyu a kan teburi, ba dabba.

Na farko a kan gubar naitiret. Shanu kan same ta daga ciyawar da ta sha takin zamani da yawa ko wadda fari ya tsayar da girmanta. Ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbi su mayar da naitiret zuwa naitirait, shi kuma ya shiga jini ya lalata ƙarfen hemogulobin har ya kasa riƙe oksijin. Mun ɗiga ɗan naitirait a lafiyayyen jini, nan da nan ya koma ruwan ƙasa mai duhu, kuma ko an kaɗa shi da iska ba ya dawowa ja. Muka auna. Drabkin ba ta motsa ba, don matakinta na farko shi ne ainihin abin da gubar ta riga ta yi. Na'urar hannu haka. PCV ma yana nan. Dabba za ta iya shaƙewa ta mutu da lambobi masu kyau a takarda. Ba abin da ke kama wannan sai idon mai ɗiba, ko babbar na'ura mai karanta launuka da yawa lokaci ɗaya. A fili, ɗigo a kan farar takarda gefe da ɗigon lafiyayyen jini ya isa a gane.

Na biyu a kan gurɓata. Na'urar haske ba ta san bambancin hasken da launi ya shanye da wanda dusa-dusa ta warwatsa ba, duk ɗaya take lissafa su. Jini mai maiƙo na ɗaga lamba. Haka ma dunƙulen lalataccen hemogulobin da ake kira jikin Heinz, wanda ke fitowa a shanun da suka ci albasa ko dangin kabeji da yawa. Maganin shi ne a wulwula haɗin kafin a karanta, sannan a duba shi a nanomita 750, inda tsabtataccen haɗi bai kamata ya nuna kusan komai ba. A wannan wajen na'urar hannu ta fi tsararren Drabkin dabara, tunda karatunta na biyu don haka aka yi shi.

15 ga Afrilu

Mun ajiye jini a firij a digiri 4 muna sake aunawa kullum. Hemogulobin bai damu ba. PCV kuwa yana ɗan hawa, saboda ƙwayoyin na shan ruwa suna kumbura. Jinin da zai kwana a hanya, a auna masa hemogulobin. PCV a yi shi ranar da aka ɗiba. Kuma kada kwalba ta taɓa ƙanƙara kai tsaye a cikin kular sanyi, daskarewa na fasa ƙwayoyi.

28 ga Afrilu

An fara da maruƙa. Madara ba ta da sinadarin ƙarfe sosai, don haka maraƙin da ya daɗe a kan madara zalla jininsa kan yi ƙasa, ƙwayoyin su ƙanƙance su kode. Abin ya kai ga doka a Tarayyar Turai: ƙa'idar kare maruƙa ta 2008 ta ce abincinsu ya ƙunshi ƙarfen da zai riƙe matsakaicin hemogulobin aƙalla milimol 4.5 a lita.

Wannan ya ja mu ga maganar ma'auni. Wasu na rubuta giram a desilita, wasu giram a lita, wasu milimol a lita. Giram 10 a desilita shi ne giram 100 a lita, shi ne kuma kimanin milimol 6.2. Wancan 4.5 ɗin ya kama giram 7.25 a desilita. Wanda ya ga 6.2 a takarda ba tare da ma'auni a gefe ba zai iya ɗaukar lafiyayyen maraƙi a matsayin mai neman ƙarin jini. Ba za a ƙara rubuta lamba tsirara a takardunmu ba.

10 ga Mayu

Inda muke da ƙaranci shi ne jini mai ƙasa da giram 6, kuma nan ne ainihin tambayar. Mun gwada sirka lafiyayyen jini da ruwan jinin dabbar da kanta don mu sauko da lamba. Hakan ya nuna mana cewa na'urar hannu na bin layi har ƙasa, amma sirkakken jini ba jinin mara lafiya ba ne: babu fasassun ƙwayoyi, babu ɗanyu, babu ɗorawar ciwon shawara a ciki. Dole mu jira dabbobi na gaske.

An yi mana alkawarin jinin shanu masu sammore. A kansu bututun PCV na da riba biyu, domin bayan an karanta shi ana iya karya shi daidai farin layin da ke tsakanin ƙwayoyi da ruwa, a matso a kan gilashi, a nemi ƙwayoyin cutar suna motsi a ƙarƙashin madubin likita. Ba wata na'urar hemogulobin da za ta ba da wannan.

Shawarar wucin gadi da na rubuta wa masu aikin ita ce a haɗa na'urar hannu da PCV a kowane jini, a yi lissafin da ke tsakaninsu, a kuma rubuta launin ruwan jini. Sahli ta koma kayan koyarwa. Drabkin ta zauna a ɗakin gwaji don duba sauran lokaci-lokaci.

Ita ma muna neman abin da zai maye gurbinta saboda sharar sayanaid. Akwai hanyar sodiyam loril salfet da manyan injinan ƙirga jini ke amfani da ita, da ta alkalin hematin da ake karantawa a nanomita 575. Sinadaran ta biyun sun iso, sai dai ruwan ma'auninta bai zo ba tukuna. Da zarar ya zo za mu fara da jinin bijimin nan mai murmurewa, wanda za a sake ɗiba ranar Litinin.